Tamasna, Ƙasar Alwat

Mun bar Damagaram a farkon watan Nuwamba, manoma sun gama yankan hatsi, ana ta ɗaurin damma ana kaiwa rumbu. Ni malamin gona ne, aikina bai saba wuce gonakin Damargu ba, amma a waccan shekara aka nemi ƙarin hannu cikin ayarin masu bin sawun farin dango a arewa, aka sa sunana. Ruwa ya sauka sosai a hamada cikin Agusta da Satumba. In kuwa hamada ta sha ruwa, wajibi ne a je a ga abin da ya tsiro da abin da ke cinsa.

Hanyar Agadas ta kai kilomita 450. Har Tanut ana ganin karan gero a gonaki da rumbuna a bakin ƙauyuka. Daga nan gonaki suka yi ta raguwa, ƙarangiya da tumfafiya suka karɓe fili, kafin mu isa Adarbisanat babu sauran mai riƙe da hauya, sai garken shanu da raƙuma a bakin rijiyoyi. Muka gangara gaɓar dutsen Tigidit da la'asar, muka shiga Agadas bayan isha'i. Ban ga komai na garin ba sai da gari ya waye, na ɗaga kai na ga hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, sandunan itace sun fito mata ta kowane gefe. Tun wajen 1515 take nan, an sake gina ta a 1844. Na so in zaga tsohon gari, amma ba yawo ya kai mu ba. Aka cika gangunan mai da na ruwa, aka ɗaura tayoyin ko-ta-kwana, aka jira sojojin rakiya, domin ba a shiga Tamasna, filin hamadar da muka nufa, haka kawai.

Ingal ne gari na ƙarshe mai kasuwa sosai. Bikin shan gishiri na makiyaya, wanda ake yi a watan Satumba, ya riga ya watse, garin ya koma shiru da lambunan dabinonsa. Mutanen garin suna da harshensu, Tasawak, amma ciniki da Hausa ake yi, don haka ban sha wuyar sayen sukari da ganyen shayi ba. Jagoranmu, wani Ba'abzine siriri mai baƙin rawani, shi ya ce in ƙara yawan sukarin. Ya ce inda za mu ba a gaida mutum da kuɗi.

Daga Ingal muka miƙa arewa cikin filin Irhazar, jar laka shimfiɗe iyakar gani, ta bushe ta tsattsage, sawun motocin da suka kafe da damina na nan a kwance. Muka ratsa Tagidda-n-Tesumt, garin gishiri. Ɗaruruwan ƙananan ramuka ne aka jera a bayan gari, ana kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan zartsi, a tace, a zuba a ramukan rana ta ƙone ruwan. Wani rami ja, wani ruwan ɗorawa, wani ya yi fari fat. Gishirin dabbobi ne galibi. Ba nisa da nan ne Azelik, inda masana ke cewa nan ne tsohuwar Takadda ta tagulla, wadda Ibn Battuta ya sauka a 1353. Muka sha ruwa, muka wuce, muka kwana a In Abangarit, inda masu yaƙi da fara suka daɗe da kafa sansani.

Abin da ke gaban In Abangarit shi ne Tamasna. Ni da na taso ina jin hamada, rairayi nake sa rai. Akwai shi, amma abin da ya fi yawa fako ne da baƙar tsakuwa, fili mai faɗin da ido ke gajiya, jefi-jefi da tudun dutse da iska ta sassaƙe. Ba itace, ba inuwa. Mota na tafiya tsakuwa na ƙara a ƙarƙashinta, kowa ya yi shiru. Can wajen hantsi jagora ya taɓa kafaɗar direba, ya nuna hagu da leɓe, ya ce, "Alwat." Muka hau wani ɗan tudu, sai ga kwari a gabanmu, doguwa, kore shar daga wannan baki zuwa wancan, samanta kuma ya yi shuɗi-shuɗi da ja-ja saboda fure. Na daɗe ina aikin gona, amma ban taɓa ganin tsiro ya cika wuri haka ba tare da an shuka shi ba, balle a tsakiyar duwatsu.

Wannan tsiro shi ne alwat. Na sauka na durƙusa gaban guda ɗaya. Ya kai mini gwiwa, wasu kuma har ƙugu. Daga gindi ya rarrabu, rassa da yawa, ba gashi ba ƙaya. Ganyen faffaɗa ne mai kauri, launinsa kore mai ɗan toka-toka, kuma ba shi da wuya: gindin ganyen ya rungume karan kai tsaye. Da na matsa shi tsakanin yatsu sai ruwa ya fito, da wari irin na kabeji, na ɗanɗana na ji yaji-yaji da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Furen ƙarami ne, kunnuwa huɗu suna fuskantar juna biyu-biyu, launin makuba mai haske da jijiyoyi masu duhu. A cikinsa zare shida masu ɗauke da garin fure, huɗu dogaye, biyu gajeru. Wannan ita ce shaidar gidansu: danginsa su ne kabeji da radi da mustad. A ƙasan reshe, inda furen ya riga ya zuba, 'ya'yan sun fito, faffaɗa zagayayyu kamar ƙwandala, da ɗan fiffike a gefe da tsini a ka. Na fasa wani da ya soma bushewa, ƙananan iri suka zubo mini a tafi. Waɗannan ƙwayoyi su ke kwanciya cikin tsakuwa, shekara ta wuce ba ruwa, wata ma ta wuce, ba abin da ya same su. Ranar da ruwa ya kwaranyo daga fako ya taru a kwari ya jiƙa ƙasa da zurfi, sai su tashi gaba ɗaya.

Shugaban ayarinmu, dattijo da ya yi furfura cikin wannan aiki, ya tsuguna kusa da ni. Ya ce a littattafan masana sunansa Schouwia purpurea, kuma ana samunsa tun daga Muritaniya, ta Mali da Aljeriya da Chadi, har Masar da Sudan da ƙasar Larabawa. Sannan ya faɗa mini abin da ban manta ba: wani masani ɗan Suwidin, Forsskål, wanda ya rasu a Yaman a 1763, shi ya soma rubuta bayanin wannan tsiro, kuma shi ɗin ne ya raɗa wa farin dango sunan da masana ke kiransa da shi har yau. Duka biyun a 1775 aka buga su, bayan rasuwarsa. "Ka ga, Malam," in ji shi, "tun a takarda tare suke tafiya."

A ƙarshen kwarin akwai mashekari, bukkokin fata uku, da raƙuma sun bazu cikin koren ba mai tsaronsu. Muka tsaya nesa kaɗan yadda al'ada ta tanada, har mai gidan ya fito ya tarye mu. Tsoho ne, ya ja amawali har ƙarƙashin ido, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana fita sarai. Aka shimfiɗa tabarma, aka hura gawayi, gaisuwa ta yi tsawo: lafiyar iyali, lafiyar bisashe, sanyi, hanya. Kafin shayin farko ya nuna, wani yaro ya kawo akushi cike da nonon taguwa, kumfa har baki, da ɗuminsa. Na sha, na ji ƙanshin ganyen nan a cikinsa ƙarara.

Na ce, "Baba, ina rijiyarku? Tun safe ban ga ko ɗaya ba."

Ya yi dariya ya nuna kwarin da hannu. Ya ce rijiya na can baya, tafiyar yini biyu a raƙumi, kuma tun da suka sauka nan raƙumansa ba su gan ta ba. Muddin alwat na ɗanye, raƙumi ba ya neman ruwa, abin da ke cikin ganyen ya ishe shi har sanyi ya wuce. Su kuma mutane nono ne ci da shansu, salka ɗaya ta ruwa sai ta daɗe, don shayi da alwala. Ya ce shekarar alwat ita ce shekarar da tozo ke cika, taguwoyi su yi ta haihuwa, a biya bashi, a yi aure. Sai dai ba a barin dabba a kansa shi kaɗai, cikinta kan sake, shi ya sa da yamma suke kora su wajen busasshiyar ciyawa a gefen tudu. Ya ce labarin inda ya tsiro yakan yi tafiya fiye da mota. Mutum zai taso daga Azawak ko daga gindin duwatsun Abzin saboda wani ya ce masa kwari kaza ta yi kore.

Da dare uwargidan ta aiko mana da shi dafaffe. An tafasa ganyen an zubar da ruwan fari don ɗacin ya ragu, aka sa ɗan man shanu. Muka ci da gurasar da aka gasa cikin toka da rairayi. Yana da daɗi, yana kuma riƙe ciki. Sun ce suna shanya shi su ajiye, karan kuma in ya bushe shi ne makamashi a ƙasar da babu itace. Sanyin daren nan kuwa, bargo biyu na rufa ban daina karkarwa ba.

Da asuba aka soma aikin da ya kawo mu. Yadda ake yi ba wuya. Mutum ya shiga cikin tsiron yana tafiya a hankali, iska na bugun fuskarsa, yana ƙirga takunsa yana ƙirga farar da ta tashi a gabansa. A tona ƙasa da hannu a ga inda laima ta tsaya. A duba ganye, ɗanye ne ko ya soma juyawa. A ɗaga ƙasan tsiro a nemi 'ya'ya. Duk a shigar cikin wata 'yar na'ura da ke aikawa ta tauraron ɗan'adam, kafin mu sha shayi labarin ya isa Yamai, daga can ya wuce ofishin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Rum, inda ake haɗa rahotannin ƙasashe a ga inda haɗari ke taruwa.

Farar da muka soma gani ba za ka ce ita ce ake tsoro ba. Launin ƙasa gare ta, ita kaɗai, ka matso ta tashi ta faɗa can, ba ta son 'yar'uwarta kusa. 'Ya'yanta kore ne, sun saje da ganye. Haka take rayuwa shekara da shekaru a hamada ba wanda ya san da ita. Abin da ke juya ta shi ne cunkoso. Macen takan soka bayanta cikin rairayi mai laima, zurfin kamar santimita 10, ta zuba ƙwai tamanin ko fiye a rami guda. Cikin mako biyu su ƙyanƙyashe, bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki sun yi fiffike, su ma su yi nasu ƙwan. In damina ta yi kyau, kafin a ankara sun ninka sau da yawa, amma a warwatse, don ko'ina akwai abinci. Sai iskar hunturu ta taso, ciyawa ta bushe, tsaidau ya bushe, komai ya bushe, ya rage saura alwat, wanda kaurin ganyensa da zurfin saiwarsa ke riƙe shi kore har cikin Janairu da Fabrairu. Duk farar da ke faɗin wannan fili sai ta taru a kansa. Suna gogar juna, musamman a cinyoyin baya, cikin sa'o'i kaɗan halinsu ya sake: mai gudun 'yar'uwarta ta koma binta. 'Ya'yan da ke biyo baya su fito baƙi da rawaya, suna tafiya a jere gaba ɗaya. Manya su yi ja-ja, in sun balaga su koma rawaya. Daga nan sai tashi. Garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yakan ƙunshi fara miliyan 40 zuwa 80, kowace na cin nauyin jikinta a yini, kimanin giram 2, kuma iska na iya kai su kilomita 150 kafin rana ta faɗi. A 1988 har tekun Atlantika suka ƙetare suka sauka a tsibiran Karibiyan.

Ina tsaye cikin wannan kore mai kyau, zuciyata na can ƙauyenmu a 2004. Ruwan da ya sauka a hamada a daminar 2003 shi ya haifi abin. A watan Oktoba na waccan shekara aka ga fara na taruwa a Muritaniya da arewacin Mali da nan Tamasna da Sudan. Ba a samu kuɗin tare ta da wuri ba. Ta haura Maroko da Aljeriya ta hayayyafa, ta juyo mana da damina. Ranar da ta sauka a gonakinmu gero ya fitar da kai, ana jiran ya yi ido. Mata suka fito da kwanoni suna bugawa, yara na kaɗa rassa, aka tada hayaƙi, mahaifina yana tsaye a kunya yana ta salati. Washegari zangarniya ta koma tsinke. Gaskiya ita ce ɗaukewar ruwa da wuri ta fi fara ɓarna a ƙasa baki ɗaya, amma a yankinmu na iyakar noma da kiwo, su biyun suka haɗu mana. Gibin cimaka ya haura tan 200,000, ciyawar dabbobi ma ta ƙare. A 2005 buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, muka ci anza da jiga, samari suka watse Kano da Libiya, yara da yawa ba su ga kaka ba. Kafin a shawo kan farar an fesa magani a kusan hekta miliyan 13 cikin ƙasashe fiye da 20, an kashe sama da dalar Amurka miliyan 400.

Ba wanda ya taɓa faɗa wa mahaifina sunan alwat. Manomin Damargu ko na Gobir ko na Daura bai san akwai wani fure a bayan Ingal da ke da hannu cikin abin da zai shiga rumbunsa ba. Ni kuwa tun daga wannan tafiya na tsaya a kan ra'ayi ɗaya: motoci 'yan kaɗan da mai da mutanen da suka san hanya, suna zaga waɗannan kwaruruka kowace shekara daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen sanyi, sun fi jiragen feshi goma da za a kawo bayan garke ya tashi. Abin da ke damuna shi ne a shekarun lafiya ake mantawa da su, a ce ai babu fara, me za a kashe wa kuɗi. Rashin tsaro ma ya shigo ciki. A 2012, bayan rikicin Libiya ya hana aiki a kan iyakarta da Aljeriya, garkuna sun shigo arewacin Nijar da Mali a watan Yuni, kuma akwai wuraren da masu bincike ba su iya takawa ba.

A kwarin tsohon nan fara kaɗan muka samu, warwatse, ba abin tashin hankali. Amma shi da kansa ya ce mu nufi arewa maso yamma, akwai wata kwari a bayan baƙin tudu inda yaransa suka ga ƙasa na motsi. Mafi yawan labarin da ake samu daga bakin makiyaya yake fitowa, su ne idon wannan aiki. Ya hau mota ya raka mu.

Gaskiyar yaran ne. Alwat ɗin wurin ya soma rawaya daga gefe, saura tsakiya, kuma a tsakiyar nan 'ya'yan fara sun yi curi a gindin kowane tsiro. Wasu kore ne har yanzu, wasu sun soma ɗigon baƙi a ka da baya. Ganyen duk ya zama raga. Na sa hannu na girgiza reshe guda, suka zubo, maimakon su watse sai suka bi gefe ɗaya tare. Shugaban ayari ya dube ni, bai ce komai ba, ya ciro na'urarsa. Muka auna wurin da ƙafa da mota, bai fi 'yan hektoci ba.

Nan gardama ta tashi, don raƙuman ƙanen tsohon na kiwo a bakin kwarin. Da ya ji maganar feshi sai ya sauke murya ya ce, "Ɗana, ku gonarku kuke tsaro, na sani. To wannan ita ce tawa gonar. In kun zuba mata guba, nonon da jikokina za su sha fa?"

Na ce, "Baba, in aka bar su, nan da mako uku ba ganyen da zai rage wa raƙuman ma. Su za su soma cinye naku kafin su zo namu."

Ya ce ya san haka, ya ga 2004 shi ma, ya rasa rabin garkensa a bazarar da ta biyo. Amma ya taɓa ganin an yi feshi ba a gaya wa kowa ba, awaki suka yi ta zawo. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Shugaban ayari ya zauna da shi a ƙasa ya yi masa bayani dalla-dalla. Magani iri biyu muke ɗauke da shi. Akwai mai kashewa nan take, wanda dole a janye dabbobi daga wurin har kwanakin da aka ɗiba su cika. Akwai kuma wani da aka yi da wata irin fumfuna mai kama fara kaɗai, ba ta taɓa raƙumi ko tsuntsu ko mutum, kuma asalinta daga jikin wata matacciyar fara aka samo ta a kusa da Yamai. Aibinta jinkiri, takan ɗauki mako biyu ko fiye kafin ta gama aiki. Da yake 'ya'yan nan ƙanana ne, da sauran lokaci kafin su yi fiffike, kuma wurin kiwo ne, ya ce na biyun za a sa.

Tsohon ya nemi a nuna masa. Aka buɗe, ya ga koren gari, aka dama shi da mai a gabansa. Ya shinshina, ya yi shawara da ƙanensa cikin Tamashek, sannan ya ce duk da haka za su matsar da raƙuman zuwa gabas, hankalinsu zai fi kwanciya. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, direba ya ɗaura abin rufe hanci, ya bi kwarin layi-layi yana gicciye iska, injin feshi na juyawa a bayan mota. Aka kafa tsummoki a kan duwatsu don alama, aka rubuta wurin cikin na'ura domin ayarin da zai biyo bayanmu ya duba sakamako. Muka bar wa tsohon sukari da shayi, ya ba mu cuku, ya kwatanta wa jagora wasu kwaruruka biyu wajen iyakar Mali da ya ji an ce sun yi kore. Muka duba mai, ya isa, muka juya motoci yamma.